Sau biyu na ɗebo lakar Daɗin Kowa kafin ɗakin gwaji ya karɓa

Samfur 18 na zubar da hannuna a bolar bayan ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, ranar wata Talata da hantsi. Laka ce da na ɗebo daga madatsar ruwa ta Daɗin Kowa don binciken digirina na biyu, da kuɗin da na tara na wata uku ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Gombe. Babu wanda ya cuce ni, ni na cuci kaina da gaggawa da rashin tambaya. Tun daga lokacin ɗalibai da dama sun neme ni suna tambayar yadda ake wannan aiki, kuma kusan kowa da irin shirin da na yi na farko yake zuwa, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda ta kaya tun daga tushe.

Daɗin Kowa tana ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, kimanin kilomita 37 gabas da garin Gombe a kan hanyar Biu. An kammala madatsar a 1984 a kan kogin Gongola, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauchi da tamu, ya je ya haɗe da Binuwai a Numan. Daga madatsar ake tace ruwan da ke zuwa famfunan Gombe, daga nan ake noman rani, ga masunta, ga makiyaya. Aikina shi ne in duba ƙarafa masu illa irin su dalma da kadmiyam da kuromiyam da tutiya da jan ƙarfe a cikin lakar ƙasan ruwan, in kuma duba ragowar maganin ƙwari da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Mutane kan tambaye ni me ya sa laka ba ruwa ba. Ruwa matafiyi ne, abin da ka gani a cikinsa yau gobe ya wuce. Laka kuwa tana zaune, ƙarafan nan suna manne wa ƙwayoyinta masu laushi da ruɓaɓɓen ganye su kwanta, tarwaɗa da sauran kifin ƙasa kuma a nan suke kiwo.

Tafiyar farko na yi ta ne cikin zumuɗi. Malamin da ke duba aikina ya amince da tsarin binciken, ya ce in je in ɗebo samfur, ni kuma ban tambaye shi yaya ba, don kada ya ga kamar ban san komai ba. Na tattara gwangwanayen madarar gari daga wajen mai shayin unguwarmu, na wanke su da omo, na ari shebur, na sayi baƙar leda. Na hau mota da safe, muka wuce Kwadon na sauka a Daɗin Kowa, na ɗauki ɗan acaɓa muka bi gefen ruwa. Duk inda na ga laka sai in tsaya in kafta. Wani wurin mashayar shanu ne, wani wurin mata ke wanki. Na rubuta lamba a takarda na manna da salatif a jikin kowane gwangwani, na jera su a buhu, aka saka a but ɗin mota a cikin zafin watan Maris. Da na iso gida na tura buhun ƙarƙashin gado, don ranar Alhamis ce, kuma na ɗauka laka ai laka ce, ba nama ba ce balle ta lalace. Sai ranar Talata na kai.

Ma'aikacin ɗakin gwajin dattijo ne da ya kusa ritaya, marar yawan magana. Ya buɗe gwangwani ɗaya, wari ya bugo, ya mayar ya rufe. Ya ce, "Ɗana, da me ka ɗebo wannan?" Na ce, "Da shebur, Baba." Ya jinjina kai ya ce, "Ƙarfe kake nema a cikin laka, ka ɗebo da ƙarfe, ka zuba a gwangwanin ƙarfe, ka rufe da murfin ƙarfe. To in inji ya nuna min ƙarfe, na Gongola ne ko na mai shayi?" Jikina ya yi sanyi. Ya juya gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, bakwai daga ciki takardarsu ta jiƙe, tawadar ta narke, ba a gane lamba. Wasu har sun fara tsatsa ta ciki. Ya tambaye ni a ina na ɗebi na uku, na ce kusa da wata bishiya. Ya ce wace bishiya? Ban da amsa. Ya ce yana iya karɓa ya sa a inji, lambobi za su fito, in rubuta in ci jarrabawa, amma shi ba zai sa hannu a kansu ba. Ban kwana da daɗi ba ranar, har na yi tunanin in canja batun binciken gaba ɗaya.

Washegari na koma da littafi da biro na ce, "Baba, ka faɗa min daga farko kamar ban taɓa shiga aji ba." A wannan zaman na gane cewa na fara aikin ne ta wutsiya. Ɗakin gwaji ake fara zuwa kafin bakin ruwa, domin abin da za a gwada shi ke faɗa maka mazubin da za ka saya, da cokalin da za ka ɗiba da shi, da yawan lakar, da kwanakin da za ta iya jira. Samfurin ƙarafa a roba ake zuba shi, farar roba mai murfin roba, kuma da cokalin roba ake ɗiba. Na maganin ƙwari kuwa akasin haka ne, roba tana iya shanye shi ko ta zuba masa nata sinadarin, don haka sai kwalbar gilas mai duhu mai faɗin baki, a shimfiɗa takardar alminiyam a bakinta kafin a ɗaure murfi, a ɗiba da cokalin ƙarfe marar tsatsa. Akwai kuma kaso na uku da ake auna girman ƙwayoyin ƙasa da shi, yashi nawa, laka nawa, yumɓu nawa, wannan a leda mai zif ma ya isa, amma ba a daskarar da shi, don ƙanƙara tana sauya yadda ƙwayoyin ke haɗuwa. Wato kowane wuri mazubi uku, ba ɗaya ba. Ya ce na ƙarafa in an adana shi da kyau yana kai wata shida, ban da zaiba da ba ta wuce kwana 28, na maganin ƙwari kuwa cikin kwana 14 ya kamata a fara aikinsa.

Wankin mazuban kaɗai ya ci kwana uku. Na sayo robobi a babbar kasuwar Gombe, muka wanke da sabulun ruwa, muka jiƙa su a asid ɗin naitirik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 na tsawon awa 24, muka ɗauraye sau uku da tataccen ruwa, muka kife su a wuri mai tsabta suka bushe. Wajen haɗa asid ɗin ya tsaya a kaina, yana nanata cewa asid ake tsiyayawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, don kada ya fantsamo a fuska. Kwalaben gilas kuma da wasu sinadaran wanki masu suna asiton da hekzen aka ɗauraye su. Na so in rage kuɗi in sayi ruwan batir na bakin titi a madadin tataccen ruwa, ya ce in na san wanda ya tace shi da irin tukunyar da ya tace shi a ciki, to bismillah. Na haƙura na biya kuɗin na ɗakin gwaji.

Sai batun takardu, wanda a tafiyar farko ban ma san ana yi ba. Allah ne ya rufa min asiri babu wanda ya tare ni. Na nemi takardar gabatarwa daga sashenmu, sai aka yi rashin sa'a shugaban sashen ya yi tafiya, na yi kwana tara ina sintiri kafin a sa hannu. Da ta fito kuma an rubuta ta ne ga duk wanda abin ya shafa, ba ga wani ofishi takamaimai ba. Na kai ta ofishin masu kula da madatsar ranar Juma'a wajen ƙarfe sha biyu da rabi, lokacin da kowa ke haramar masallaci, wannan kuma wautata ce. Wanda na tarar ya karanta ya ce cikin mutunci in koma a rubuta ta ga shugaban wurin, a saka taken binciken, da ranakun da zan shiga ruwa, da adadin mutanen da zan zo da su, da kayan aikin da zan riƙo. Na koma makaranta, aka sake kwana huɗu. Na dawo ranar Talata da asalin takardar, da kwafi biyar, da katin shaidar ɗalibi, da ɗan taswirar da na zana na nuna wurare shida da nake son ɗiba. Taswirar nan ta taimake ni ƙwarai, nan take aka nuna min wuri guda da ya yi kusa da bangon madatsar da mashigar ruwan tashar lantarki, aka ce can ba a zuwa, na matsar da shi. Ba a karɓi ko sisi a hannuna ba. Aka buga hatimi a kwafi ɗaya aka ba ni, aka ce in nuna wa jami'an tsaro in sun tambaya, kuma sun tambaya.

Takarda tana buɗe ƙofar ofis, amma ba ta ba ka kwale-kwale. Wani abokina ɗan Hinna ya raka ni wajen mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da sarkin ruwa. Na sayi goro na riƙa, muka zube muka yi gaisuwa. Na ce, "Allah ya taimaki sarki, ni ɗalibi ne, laka nake so in ɗiba a tsakiyar ruwa." Ya dube ni ya ce, "Laka kuma? Ba kifi ba?" Mutanen da ke zaune suka yi dariya, wani ya ce ko dai man fetur ake nema, tunda a 2022 an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe. Wani kuma damuwarsa ko gwamnati ce ke shirin hana su kamun kifi. Na ɗauki lokaci na yi bayani a fili, cewa jarrabawa ce, kuma ina duba tsabtar wurin da kifinsu ke kiwo ne, ba ni da ikon hana kowa komai. Wannan zaman na awa ɗaya ya fi min amfani fiye da yadda na zata. Sarkin ya haɗa ni da wani tsohon masunci da ɗansa, muka yi ciniki a kan naira 15,000 na yini, man inji a wuyana. Farashin nan na lokacin ne, kada wani ya je ya kafe a kansa.

Na'urar ɗiban lakar ita ma sai da aka yi rubutu. Akwatin ƙarfe ne ɗan ƙarami mai suna Ekman, faɗinsa kamar santimita 15, yana da muƙamuƙi biyu a ƙasa masu sifirin. Ana ɗana shi a buɗe, a zura shi da igiya har ya zauna a kan laka, sai a saki wani ɗan ƙarfe mai nauyi ya bi igiyar ya buga kansa, muƙamuƙan su datse. Guda ɗaya ce a wani sashe na makarantar, na cike fom, malamina ya sa hannu a matsayin mai tsaya min. Baba ya hana ni fita da ita sai da na gwada ta sau goma a cikin duro mai ruwa da yashi. A gwajin ne muka gano sifirin ɗaya ya saki, muka gyara. Da a tsakiyar ruwa na gano haka, da yinin ya tafi a banza. Ya kuma gargaɗe ni in kiyaye yatsuna, don in ta datse ba ta tambaya.

Daren tafiya na rubuta lambobi tun a gida. Kowace roba na rubuta a jikinta da murfinta da maka marar gogewa, na bi da farin salatif a kai, sannan na rubuta lambar da fensir a ƙaramar takarda mai kauri na saka a cikin ledar da za a sa robar. Fensir ba ya narkewa a ruwa, na koyi wannan da tsada. Lambar gajera ce, kamar DK3-B-R, wato Daɗin Kowa, wuri na uku, ɗiba ta biyu, lokacin rani, sai kwanan wata. Na ari kula biyu manya irin na masu sayar da lemo, na yi odar ƙanƙara tun da yamma na karɓa bayan sallar asuba. Wanda aikinsa ya faɗo cikin azumi ya ninka kuɗin ƙanƙara a lissafinsa, don a lokacin zafi ita ce zinariya a Gombe. Wannan karon shatar mota na ɗauka, ni da ƙanena da abokin karatuna guda.

Ƙarfe bakwai saura muka shiga ruwa, kowa da rigar kariya daga nutsewa, ban da tsohon da ya ce shi ruwa ya san shi. Ya dage mu fita da wuri don iska kan taso in rana ta ɗaga, kwale-kwale ya riƙa rawa. A wurin farko na zura na'urar sau uku tana dawowa da ɗan yashi kawai, ruwa na zuba ta ƙasa. Tsohon yana kallona bai ce komai ba, sai da na gaji ya ce, "Malam, nan hanyar ruwa ce, yashi ne zalla. In taɓo kake so, mu matsa can inda ruwa ke kwanciya." Ya caka gorarsa a wurare biyu, ya saurari yadda take shiga, ya ce a nan. Muka jefa dutsen da ke ɗaure da igiya don jirgin ya tsaya, na zura a hankali ba tare da na sake ta ta faɗa da ƙarfi ba, don in ta faɗa da ƙarfi tana kore lallausan saman da shi ake nema. Na saki ɗan ƙarfen, na ji "ƙas" ta cikin igiya, na jawo. Da na buɗe murfin saman sai ga laka a kwance lumui, da ɗan ruwa garai-garai a kanta, samanta ruwan ƙasa-ƙasa siriri kamar fatar kunu, ƙarƙashinsa baƙi wuluk mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan baƙin da warin alamar wurin da iska ba ta shiga ne, kuma duk na rubuta su a littafi: launi, wari, laushi, ko akwai dodon koɗi ko ganye.

Yadda ake kwashewa yana da ƙa'ida. Na zuƙe ruwan saman a hankali da babban sirinji, ban karkata akwatin na zubar ba. Na ɗebi santimita 5 na sama kawai, kuma na ƙarafa daga tsakiya na ɗiba da cokalin roba, inda lakar ba ta taɓa jikin akwatin ba. Na cika robar har kusa da baki don kada iska ta yi yawa a ciki. Kwalaben gilas kuwa na bar musu sarari, kusan kashi ɗaya cikin uku, saboda in ta kai ga daskarewa laka mai ruwa tana kumbura ta fasa kwalba. Kowane mazubi aka rufe sai cikin leda, sai cikin kula nan take, ba a bari ya ga rana. Ƙanena ke riƙe da waya yana karanto lambobin GPS, wanda ke aiki ko babu sabis, ni kuma ina kwafa da fensir, har da zurfin ruwan da muka auna da alamun da muka yi wa igiya kowace rabin mita. Kafin mu bar wuri sai a wanke na'urar da ruwan wurin, a ɗauraye da tataccen ruwa, in canja safar hannu. Ɗibar da ta zo da kara a tsakanin muƙamuƙai, ko ta cika har laka ta fito ta sama, zubarwa nake yi nesa da inda zan sake zurawa. Na ƙirga a littafi, sau 31 na zura kafin in sami 12 masu kyau, uku-uku a wurare huɗu; sauran shidan da suka cike 18 a bakin gaɓa na ɗebe su.

A wuri na huɗu na'urar ta maƙale a wani kututturen bishiya da ruwa ya shanye tun lokacin da aka tare kogin. Gabana ya faɗi, don na tuna fom ɗin da malamina ya sa wa hannu. Ɗan tsohon ya karɓi igiyar, suka juya jirgin suka ja ta ɗaya ɓangaren, ta fito. A wuri na biyar kuma tsohon ya kashe inji ba zato, ya nuna can gaba da haɓa. Kunnuwa biyu da hanci ne a saman ruwa. Dorina ce. Ya ce, "Malam, yau wurin nan da mai shi." Ban yi musu ba. Muka matsa nesa sosai, na ɗiba a can, na rubuta sababbin lambobin wurin da dalilin canjin. Wurare biyu na bakin gaɓa da ƙafa na shiga, sanye da dogon takalmin roba, saboda tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa mai dodon koɗi. A nan da bututun PVC na ɗiba, na danna shi cikin laka na toshe samansa da tafin hannu na zaro, kuma na fara daga wajen da ruwa ke gangarawa ina hawa wajen da yake fitowa, don lakar da ƙafata ta dama kada ta gangaro kan inda zan ɗiba.

Mun fito wajen ƙarfe ɗaya, rana ta gasa mu. Na zubar da ruwan ƙanƙarar da ya narke, na ƙara sabuwa daga kula ta biyu, muka kama hanya ba tare da tsayawa cin kifi ba, abin da ƙanena bai yafe min ba har yau. Tun kafin tafiya na yi magana da Baba ya jira ni, muka jera komai a firjin ɗakin gwaji, wanda ya kamata ya tsaya a kan digiri 4. Na tafi gida ina ganin an gama. Washegari wuta ta ɗauke, janareta kuma babu mai. Da rana na taɓa firjin na ji ya fara ɗumi. Na kwaso samfuran na nufi gida da niyyar sa su a firjinmu mai aiki da sola, Inna ta buɗe leda ɗaya ta shaƙa ta ce, "Wallahi ba a firjina ba, kusa da naman miya?" Kuma ita ce da gaskiya, abin da ake zargin yana da guba ba a haɗa shi da abinci. Dole na koma ga kula. Kwana uku ina sayen ƙanƙara safe da yamma, na saka ma'aunin zafi a cikin ƙaramar kwalbar ruwa a tsakiyar samfuran, ina dubawa ina rubutawa. Kuɗin ƙanƙarar nan bai cikin lissafina ko kaɗan. Kwalaben maganin ƙwari ban bari sun jira wuta ba, a rana ta uku na ɗauke su da kaina cikin kula zuwa wani ɗakin gwaji a wata jiha, don kwana 14 ɗin nan ba ya jiran kowa. Ban ba direba saƙo ba, domin direba ba zai tsaya ƙara ƙanƙara a hanya ba.

Na ƙarafan kuma sai shanya. Na baza kowane samfur a farantin roba daban, da lambarsa a jiki, a cikin ɗaki mai iska, na rufe da farin ƙyalle mai tsabta. Ba a shanya a rana, ba a kuma barin taga a buɗe ƙura ta sauka, balle in da sauran hazo. Kwana tara suka yi kafin su bushe su tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara. Wani ɗalibi ya ba ni shawara in sa a oben a kan digiri 105 in huta. Wannan zafin na auna yawan ruwan da ke cikin laka ne, a kan wani ɗan kaso daban. In ka gasa samfurin gaba ɗaya haka, abin da ke tashi da zafi irin zaiba ya tafi. Bayan sun bushe na tsince tsakuwa da ɓawon koɗi da hannu, na daka a turmin tangaran, na tankaɗe da rariyar nailan mai ido milimita 2, sannan da mai ido ƙanana ƙwarai, maikuron 63 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Tsakanin samfur da samfur sai an wanke turmi da rariya an bushe. Aiki ne mai cin rai, na yi kwana huɗu hancina a rufe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin da ke saura: laka cike da roba, in ta bushe aka tankaɗe, wani wurin mai yashi da ƙyar na sami cokali uku. Wanda zai je ya ɗebi fiye da yadda yake zato.

Daga kowanne aka auni giram ɗaya aka dafa shi a haɗin asid biyu, kashi uku na haidurokulorik da kashi ɗaya na naitirik, a cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, aka tace aka cika da tataccen ruwa zuwa mililita 50. Baba ya sa muka dafa kwalba ɗaya da asid zalla babu laka, don a ga ko kayan aikinmu na ƙara wani abu. Ya kuma sa na raba samfur biyu gida biyu-biyu, na ba tagwayen wasu lambobi daban da ni kaɗai na san asalinsu. Na'urar auna yawan ƙarafa ta makarantarmu, wadda ake kira AAS, ba ta aiki a lokacin, don haka waje na kai. A can ana biya ne a kan kowane ƙarfe a kowane samfur, naira 1,500 a lokacin. Samfur 20 sau ƙarfe biyar, naira 150,000 ke nan, ban da kuɗin mota. Da na san haka ake lissafi tun farko, da na tsara yawan wuraren da aljihuna a gabana. Na rubuta jerin lambobin a takarda biyu, wanda ya karɓa ya ƙirga ya sa hannu da kwanan wata, na riƙe ɗaya. Aka ce mako biyu, ya zama biyar, ina kira har na fara jin kunya.

Da sakamakon ya zo, tagwayen farko sun yi kusa da juna sosai, na biyun kuwa sun yi hannun riga a kan ƙarfe ɗaya. Da ban yi tagwayen ba, da na kwashe lambar na zuba a kundina ina ta fashin baƙi a kan kuskure. Na kira su na faɗa musu cewa lamba kaza da lamba kaza abu ɗaya ne, ba su yi gardama ba suka ce in kawo a sake. A nan ajiyar da Baba ya tilasta min ta yi rana, don tun ranar tankaɗe ya sa na raba kowane gari biyu, rabi na gwaji, rabi na ajiya a ƙaramar roba mai murfi. Muka sake dafa waɗannan biyun na kai, suka fito daidai.

In na haɗa kwanakin, daga ranar da na zubar da gwangwanaye zuwa ranar da na riƙe sakamakon da na yarda da shi, wata uku ne da 'yan kwanaki, kuma yini ɗaya tak a ciki na yi a kan ruwa. Sauran duk jiran sa hannu ne, da wankin roba, da neman ƙanƙara, da shanya, da jiran waya. Wanda zai yi irin wannan aiki ya fara neman takardarsa wata guda kafin ranar da ya sa, ya tambayi ɗakin gwajin da zai kai wa farashi da irin mazubin da suke karɓa a rubuce, ya tanadi inda zai ajiye samfur in wuta ta ɗauke tun kafin ya bar gida, ya kuma ware kuɗin da bai sa wa suna ba. Kada ya raina masuncin da zai tuƙa shi; taswirata ta nuna min inda nake so, shi ya nuna min inda laka take.

Saura ɗibar damina, wadda zan yi a watan Satumba in Allah ya kai mu, a waɗancan wurare shida da lambobinsu ke cikin littafina. Tsohon ya aiko min da saƙo ta bakin abokina cewa in ruwa ya cika, wurare biyun da na shiga da ƙafa za su koma ƙarƙashin ruwa mai zurfin da ya fi tsayina, don haka in bar bututun a gida in sake aro akwatin. Na riga na cike fom ɗin. Robobin ajiyar rani kuwa suna cikin kwali a saman kabad ɗin Baba, ya rubuta a jikinsa da jan maka cewa kada a taɓa sai mai shi ya kare kundinsa.